Darasi: Daraja a Kasuwa, a Shari'a da a Idon Jama'a

Kalmar daraja tana cikin kalmomin da Bahaushe yake furtawa sau da yawa a yini ba tare da ya tsaya tantance abin da yake nufi ba, domin yanayin magana yakan wadatar da mai sauraro. Manomi a Zadawa, garin da ke tsakanin Azare da Misau a arewacin Jihar Bauchi, yana iya cewa riɗi ya yi daraja bana, ma'ana kuɗinsa ya hau. Ma'aikaci a Azare yana iya cewa naira ba ta da daraja, ma'ana abin da albashinsa yake saye ya ragu. Dattijo kuma yana iya ce wa saurayin da ya yi laifi ya ci darajar mahaifinsa, ma'ana an ƙyale shi saboda girman da ake ba uban. Ma'aunin da aka ɗauka a kowace magana daban ne, kuma saɓani mai yawa a gida da kasuwa da gaban alƙali yana tasowa ne idan mutane biyu suka ɗauki ma'auni biyu alhali suna zaton abu ɗaya suke aunawa. Darasin nan zai bi waɗannan ma'aunai kamar yadda masana tattalin arziki da malaman fikihu da masana ɗabi'a suka yi bayaninsu, yana ɗaukar misalansa daga ƙasar Katagum da maƙwabtanta.

Amfani da farashi

Tattalin arziki, wato ilimin da ke nazarin yadda jama'a suke samar da kaya da rarraba shi da amfani da shi, ya daɗe da raba daraja gida biyu. Akwai darajar amfani, wadda ita ce biyan buƙatar da abu yake yi wa mai shi, akwai kuma darajar musaya, wadda ita ce yawan wani abu daban da za a ba mutum idan ya rabu da nasa, kuma idan an faɗi darajar musaya da kuɗi ita ake kira farashi. Aristotal, masanin Girka da ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo misalin takalmi, wanda ake iya sawa a ƙafa, ake kuma iya musanya shi da wani abu. Adam Smith na Sikotilan, a littafinsa na 1776 kan arzikin ƙasashe, ya nuna cewa darajojin biyu suna iya yin hannun riga, domin ruwa da ba a rayuwa sai da shi kuɗinsa ƙalilan ne, lu'ulu'u kuwa da ba ya kashe ƙishi ko yunwa tsadarsa ta wuce misali.

Amsa ta farko da masana suka bayar kan tushen darajar musaya ita ce aiki. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ɗauki abin da mutane suke samu na riba da dukiya a matsayin ƙimar aikin ɗan Adam, kuma Karl Marx, a littafinsa na 1867 kan jari, ya gina bayaninsa a kan cewa darajar kaya tana fitowa ne daga aikin da al'umma take buƙata don samar da shi. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, kuma duk wanda ya kwatanta kuɗin hular da aka kwashe makonni ana ɗinkawa da allura da kuɗin wadda inji ya fitar zai ga hujjarsa. Sai dai bai isa shi kaɗai ba, domin mai noman rani a fadamar kogin Jama'are yana shan wahala iri ɗaya a kan kwandon tumatir ko an saye shi da tsada ko ya ruɓe a bakin hanya don kasuwa ta cika, kuma mai saye ba ya tambayar gumin da aka zuba kafin ya taya.

Amsa ta biyu ta zo daga masana uku da suka yi aiki kowa da kansa: William Stanley Jevons a Ingila da Carl Menger a Ostiriya, duka a 1871, sai Léon Walras a 1874. Bayaninsu ya dogara a kan abin da za a iya kira amfanin ƙari, wato amfanin da mutum yake samu daga ƙarin guda ɗaya a kan wanda yake da shi, kuma wannan amfani yana raguwa gwargwadon yadda abin ya yawaita a hannunsa. Ba wanda yake sayen ruwan duniya gaba ɗaya. Abin da ake saye shi ne jarka ɗaya a wurin mai ga-ruwa, kuma kuɗin wannan jarka yana bin yadda take da wuyar samu a ranar, shi ya sa ba a kula ta a tsakiyar damina amma ake layi a kanta a bazara idan rijiyoyi sun ja baya. Haka gero yake. Da kaka, lokacin da manoma da yawa suke fito da amfanin gona tare don biyan bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar aure, farashi yana faɗuwa, idan kuma damina ta sake kankama rumbuna sun yi ƙasa, mudun nan da aka sayar da araha shi manomin zai koma ya saya da tsada, alhali tuwon da yake fitarwa bai ƙaru ba ko da loma ɗaya.

Abin da wannan ya nuna shi ne farashi ba hali ne da ke cikin kaya kamar nauyi ko launi ba, sakamako ne na haɗuwar masu saye da masu sayarwa a wani wuri a wani lokaci. Ana ganin haka ƙarara a kara, inda ake cinikin dabbobi. Mai saye zai shafa bayan rago, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya taya. Mai rago zai ce albarka, wato bai yarda ba amma bai rufe ƙofa ba. Dillali zai shiga tsakani yana jan wannan ya ƙara, yana lallashin wancan ya rage, har a kai inda mai kaya zai ce ya sallama, a yi musafaha, a fitar wa dillali la'adarsa. Cinikin ya faɗa ne domin mutanen biyu ba su ƙimanta ragon daidai ba: mai saye ya fi son ragon a kan kuɗin, mai sayarwa ya fi son kuɗin a kan ragon, farashin da aka tsaya a kai kuma yana wani wuri ne tsakanin ƙimomin biyu. Bafulatanin da ya ƙi sallama saniyar da ya gada komai aka taya shi bai jahilci kasuwa ba, ƙimar saniyar ce a wurinsa ta fi duk abin da kasuwar za ta iya bayarwa.

Akwai abubuwa biyu da farashi ba ya gani, kuma ya kamata ɗalibi ya riƙe su. Na farko, kasuwa ba ta jin buƙatar da ba kuɗi a bayanta, saboda haka yunwar marar ko kwabo ba ta motsa farashin gero, amma sha'awar mai kuɗi tana iya ɗaga farashin abin da ba kowa ya damu da shi ba. Na biyu, aiki mai yawa da gida ya dogara a kansa, kamar daka da girki da ɗebo ruwa da renon yara da jinyar tsofaffi, wanda mafi yawansa mata ne ke yi, ba a saye ba a sayarwa, don haka ba ya fitowa a lissafin arzikin ƙasa, kuma rashin farashinsa yakan sa wasu su ɗauka ba shi da daraja, wanda wannan kuskure ne na haɗa ma'auni biyu.

Ma'aunin da shi ma yake motsi

Tun da da kuɗi ake faɗin farashi, tilas a tambayi darajar kuɗin kansu, kuma tarihin Katagum yana da abin cewa a nan. Malam Ibrahim Zaki ne ya kafa masarautar a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a kan iyakar daular Sakkwato da Borno, kafin a mayar da mazaunin sarki Azare a 1916. A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso garin Katagum daga Borno a kan hanyarsa ta zuwa Kano, kuma ya rubuta cewa a nan ne ya fara ganin ana ciniki da wuri, domin a ƙasashen da ya baro da tufafi da wasu kayayyaki masu sanannen farashi ake musaya. Borno, inda ake amfani da tsagin saƙar auduga da ake kira gabaga, ba ta karɓi wuri ba sai wajen 1848. Ke nan fataken da suke ratsa Katagum a wancan zamani suna ƙetara iyakar kuɗi biyu, kuma abin da yake kuɗi a yamma da garin yana iya zama tarkace ko kayan ado kawai a gabas da shi.

Wurin kansa ɓawon wata 'yar halittar teku ne, ana kwaso shi daga tsibiran Maldibs a Tekun Indiya, kuma ba a cin sa, darajarsa duka tana cikin yardar jama'a da wuyar samunsa. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. A tsakiyar wannan ƙarni 'yan kasuwar Turai suka fara jigilar wani irin wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma da yawan gaske, sai darajarsa ta yi ta zubewa, har ya zama babban ciniki sai an haɗa da 'yan dako masu ɗaukar keso, wato ƙunshin wuri 20,000. Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka shigo Katagum a 1903, sun hana shigo da wuri a 1904, suka kuma nemi a riƙa biyan haraji da kuɗinsu, ta haka anini da kwabo da taro da sisi da sule da fam suka kori wuri, kafin naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairun 1973 a kan naira 2 kowane fam. Wanda ya tara dukiyarsa a keso ya wayi gari da abin da ba ya saye, ba don wurin ya lalace ba, sai don yardar da ke riƙe da shi ta koma wani wuri.

Masana suna bambanta lambar da ke rubuce a jikin kuɗi da ƙarfin sayensu, wato yawan kayan da za su iya kawowa. Hauhawar farashi ita ce hawan kuɗin kaya gaba ɗaya na tsawon lokaci, kuma ta fuskar mai kuɗi a aljihu tana kama da mudun da ake rage wa girma a ɓoye alhali sunansa mudu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024, ma'ana abin da naira 100 ta saya shekara guda kafin nan yana buƙatar kusan naira 135. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa naira 70,000 a 2024, wanda a lamba ya fi ninki biyu, amma tambayar da magidanci ya kamata ya yi ita ce mudu nawa na hatsi kowannensu ya saya a shekararsa.

Farkon 2023 ya kawo misali mafi ban mamaki. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, masu POS suka riƙa cire kashi 10 cikin 100 ko fiye kafin su ba mutum kuɗinsa, kuma a kasuwannin ƙauye kaya ɗaya ya zama yana da farashi biyu, na mai tsaba da na mai tura kuɗi ta waya. Nairar da ke hannu ta fi nairar da ke asusu daraja duk da doka ta ce ɗaya suke, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.

Tamani da ƙima a fikihu

Malaman fikihu sun riga sun ware kalmomi biyu da maganar yau da kullum take cakuɗawa. Tamani shi ne abin da mai saye da mai sayarwa suka yarda a kai, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ƙima kuwa ita ce abin da masana kaya za su ce irin wannan kaya ya kai a kasuwa a wannan lokaci, ba tare da la'akari da zumuɗin mai saye ko matsuwar mai sayarwa ba. Bambancin yana aiki ne idan an yi ɓarna ko ƙwace. A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta irin su Risala ta Ibnu Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, wanda ya lalata abin da ake aunawa, kamar gero, kwatankwacinsa zai biya, mudu da mudu. Wanda ya halaka abin da ba shi da kwatankwaci daidai, kamar doki ko sa, ƙimarsa zai biya. Shi ya sa idan shanu suka shiga gona kafin a kawar da amfani, ba a barin mai gona ya yanke abin da ransa ya so, ba a kuma barin makiyayi ya ba da abin da ya ga dama, sai a tura mutanen da suka san noma su taka gonar, su duba inda aka tattake da inda aka cinye da abin da zai iya farfaɗowa, su ƙiyasta dami nawa aka yi asara.

Shari'a ba ta ɗauki farashi a matsayin abin zargi ba. Ya zo a hadisi cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka nemi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanke farashi, bai yi ba. Abin da aka tsananta a kansa shi ne hanyoyin da ake gurɓata farashin: tauye mudu, wanda Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi a kai, da algus, da ɓoye aibin kaya, da ɓoye abinci don a matsa wa jama'a, da taya kaya ba da niyyar saye ba sai don a ruɗi wani ya ƙara. Haka kuma ba duk abin da ke da mai saye ne ya halatta a sayar ba, domin sharaɗi ne abin sayarwa ya kasance mai tsarki, mai amfani, sananne, wanda za a iya miƙawa, wanda kuma ba a hana cinikinsa ba. Giya tana da farashi a inda ake sayar da ita, amma a wannan ma'auni ba dukiya ba ce, kuma daga nan ake fara ganin cewa akwai wani hukunci da ke gaba da na kasuwa.

Abin da ake so don kansa

A ilimin ɗabi'a, wato nazarin abin da ya kamata mutum ya yi da irin mutumin da ya kamata ya zama, daraja tana nufin abin da ya cancanci a girmama shi ko a riƙe shi, ko ana biya ko ba a biya. Masana sun raba abin da ake so don ya kai ga wani abu da abin da ake so don kansa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa zinariya da azurfa ba su da wata manufa a karan kansu, an samar da su ne don su daidaita tsakanin kayayyakin da ba su da alaƙa, kamar raƙumi da za'afaran, kuma wanda ya taskace su ya hana su aikinsu. Kuɗi ke nan suna cikin kashi na farko. Gaskiya da amana kuwa, ko da yake suna jawo wa ɗan kasuwa masu saye, wanda yake riƙe su don riba kawai zai sake su ranar da ha'inci ya fi riba, kuma a nan ne ake gane wanda ya ɗauke su abin so don kansu.

Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa da aka buga a 1974, ya tattara halaye goma da Bahaushe yake auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura shi ne ba ɗaya daga cikinsu da ake saye, kuma da yawa daga cikinsu ba sa bayyana sai inda suka ci wa mai su kuɗi: mai amana shi ne wanda aka ba ajiya ya mayar da ita cif bayan mai ita ya rasu ba wanda ya sani. Masanin falsafa na Jamus Immanuel Kant ya tsara wannan bambanci a 1785 da cewa duk abin da za a iya maye gurbinsa da kwatankwacinsa farashi gare shi, abin da ba shi da kwatankwaci kuwa mutunci gare shi, kuma mutum yana cikin na biyu. Musulmi yana samun asalin wannan a aya ta 70 ta Suratul Isra'i, wadda ta tabbatar da karramawar da Allah ya yi wa 'ya'yan Adam gaba ɗaya.

Ya kamata a raba mutunci da girma, ko da yake harshe yakan haɗa su a ƙarƙashin daraja. Girma yana hawa yana sauka, yana bin shekaru ko sarauta ko ilimi ko asali, kuma M. G. Smith ya nuna a nazarinsa na 1959 kan matsayi a al'ummar Hausawa cewa sana'o'i suna da jeri, ana fifita ta gado, wato karda, a kan wadda aka shiga daga baya, wato shigege, kuma mahauci ko maroƙi yana iya fin malami samun kuɗi amma a ajiye shi ƙasa da shi. Wannan jeri al'ada ce, kuma ba duka ne abin yabo a cikinta ba, domin ta sha hana aure tsakanin mutanen da addini bai hana ba. Mutunci kuwa, a ma'anarsa ta asali, haƙƙi ne na kowa a kan kowa, shi ya sa cin mutuncin almajiri ko ɗan dako laifi ne daidai da cin mutuncin attajiri, ko da jama'a ba su ɗauke shi haka ba.

Inda lamba ta shiga abin da ba na sayarwa ba

Iyakar da ke tsakanin abin da ake sa wa farashi da abin da ba a sa wa ba ta tsaya wuri ɗaya a tarihi ba. A zamanin da Clapperton ya ga wuri a Katagum, ana sayar da mutane a kasuwannin daular Sakkwato, ana taya bawa ana albarka kamar kowane kaya, har bayi sukan zama hanyar biyan manyan kuɗi inda wuri ya yi nauyin ɗauka. Malamai sun daɗe suna gardama, amma a kan wanda ya halatta a bautar, kamar yadda Ahmad Baba na Timbuktu ya yi a fatawarsa ta 1615, inda ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da ba a bautar da mutanensu. Dokar 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Abin da a yau kowa yake ɗauka ba ya buƙatar hujja, cewa ba a taya mutum, bai kai shekara ɗari da zama cikakkiyar doka a wannan yanki ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce duk inda kuɗi suka shiga farashi ne. Diyyar rai a Shari'a raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, kuma alamar da ke nuna ba farashi ba ce ita ce ba ta hawa don mamacin attajiri ne, ba ta sauka don matalauci ne, ba kuma wanda zai iya biyanta tukuna ya sayi izinin kisa. Sassauci ce ga magada da horo ga mai laifi bayan abin ya riga ya faru. Sadaki a Malikiyya yana da ƙasa, wato rubu'in dinari, ba shi da sama, kuma mallakin matar ne ita kaɗai, ba na waliyyinta ba, wanda da ciniki ne da shi zai karɓa. Nisabin zakka, wato mafi ƙarancin dukiyar da zakka ke wajaba a kanta, an ɗaure shi ne da dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, da shanu 30, da awaki ko tumaki 40, da sa'i 300 na hatsi, saboda haka faɗuwar naira ba ta canza shi, lissafinsa a naira ne kawai ake sabuntawa a kai a kai. A duk waɗannan an aro lamba daga kasuwa don a yi aikin da ba na kasuwa ba.

Ruɗanin yana zuwa ne idan aka manta da wannan aro. Idan dangi suka riƙa auna darajar amarya da yawan akwatunan lefe, ko aka ce an sayar da yarinya da araha don sadakinta bai yi yawa ba, an mayar da alamar girmamawa tamani. Takardar naira 1,000 guda ɗaya tana iya zama la'ada a hannun dillali, wadda ladan aiki ce sananniya, ta zama tukuici a hannun yaron da ya kawo saƙon kyauta, wanda godiya ce ga wanda ya aiko, ta zama hanci a hannun ma'aikacin da aka ba don ya tsallake da takardar wani a kan ta wani. Abin da ya raba na ukun da biyun farko shi ne ma'aikacin ya sayar da abin da ba nasa ba, domin adalcin da ke hannunsa amana ce ta jama'a, kuma saboda irin wannan dalili ne malaman fikihu suka hana alƙali karɓar kyauta daga mai shari'a a gabansa ko da an kira ta da suna mai daɗi.

A shari'ar ɓarnar gona da aka ambata a baya ma'aunan sukan haɗu a zama ɗaya. Masu ƙiyasi sun kawo adadin damin da aka yi asara, wannan ƙima ce. An juya shi zuwa naira bisa yadda hatsi yake a kasuwa a makon, wannan farashi ne. Sannan sau da yawa mai gona yakan ce ya yafe rabi ko ya yafe duka don darajar maƙwabtaka ko don darajar dattijon da ya sa baki. Masu sulhun da suka san aikinsu ba sa tsallake matakin ƙiyasi su nemi yafiya kai tsaye, domin manomin da aka hana a auna masa asararsa yakan tashi yana jin an danne shi, shi ma makiyayin yakan tafi bai san girman abin da aka bar masa ba, sai rigimar ta sake tasowa da kaka mai zuwa a kan gona ɗaya.